Abin da Teɓa ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

A ƙasarmu ta Yawuri, in mutum ya yi tafiya ya daɗe, ran da ya komo gida ba a fara tambayarsa abin da ya samo. Wuyansa ake fara dubawa. In an ga wuya ya yi kauri, kumatu sun ciko, riga ta ɗame a ciki, sai a ce, "Kai, wane, lalle wurin nan ya karɓe ka!" In kuwa ya komo yadda ya tafi, sai tsofaffin mata su koma gefe suna tambayar juna ko ciwo ya yi. Haka muke yi wa amarya bayan ta yi wata shida a ɗakin miji. Haka kuma muke yi wa fastocinmu. Ekklesiyar da fastonta ya rame, kunya takan kama zumuntar mata, sai ka ce an kama su da rowa.

Ban ga laifin iyayenmu a kan wannan ba. Sun ga fari na 1973 da na 1984, sun san yadda ciki ke kwana yana kuka, sun kuma binne 'ya'yan da rama ta kashe. Yunwar ma ba ta tafi ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi yara 66 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar tsumburarru ne saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ba kuwa jihar da ta kai mu a wannan. Ni malamin makaranta ne a nan Shanga, ina ganin irin yaran nan kowace safiya. Wanda ya tashi a cikin wannan hali, in ya ga mai ƙiba, dole ya ga kamar mutumin ya tsira.

Duk da haka, 'yan'uwa, ina da magana a kan ƙiba, musamman ga waɗanda suka ba shekara arba'in baya kamar ni. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar ekklesiyarmu ce ta fara tayar da ita a wani taron iyali, ta kuma ara mini takardun da ta yi amfani da su. Ciwon gwiwa da haki da hawan jini, waɗannan kowa ya san mai teɓa yana fama da su. Abin da ya hana ni barci shi ne jin cewa abin yana hawa har cikin kai.

Ku tuna yadda kakanninmu suka zauna kafin a datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutane fiye da 40,000 daga gungunansu da ƙauyukansu. Bagunge yakan tashi da asuba ya tuƙa jirgi da filafili zuwa gona, ya yini yana noma, ya tuƙo ya komo. Bakambare yakan ɗauki kayansa ya taka a ƙasa har kasuwar Yelwa. Mace kuwa, kafin tuwo ya shiga baki, ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi niƙa a dutse, ta ɗebo ruwa, ta yo itace. Abincinsu tuwon dawa ne ko na gero, da miyar kuka ko kuɓewa, da kifi. Nama sai ran biki. Sukari sai a gidan mai kuɗi.

Yau jirgi yana da inji. Niƙa da casa duk inji ke yi. Saurayi ba ya zuwa sayen ashana a bakin titi sai a kan babur. A gidajen masu ɗan hali farar shinkafa da taliya da burodi sun ture tuwo, man gyaɗa da manja suna yawo a kan miya, baƙo kuma ba a tarbarsa da ruwa ko kunu sai da lemon kwalba. Ba kukan komawa baya nake yi ba. Matata ba za ta yarda a rufe injin niƙa ba, ni ma ba zan roƙe ta ba. Abin lura kawai shi ne aikin jiki ya ragu, abinci mai maiƙo da zaƙi ya ƙaru, kuma duk wannan ya faru cikin rayuwar mutum ɗaya. Binciken nan na 2018 ya tarar mata 28 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Nijeriya nauyinsu ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba irin wadda likitoci ke ɗauka cuta ce. Ga shi a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, ana samun uwa mai teɓa tana goye da ɗa tsumburarre.

Likitoci suna da lissafinsu. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. In amsa ta kai 25 nauyi ya fara wuce kima, in ta kai 30 ƙiba ta zama abin magani. Mutum mai tsawon mita 1.70, misali, yana shiga ajin farko a wajen kilo 72, na biyu kuma a wajen kilo 87. Amma ina ma'auni a ƙauye? Akwai hanya mai sauƙi wadda na koya wa 'yan aji shida, suka tafi gida suka dami iyayensu da ita. Ka sami igiya, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In ya ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Tawa igiyar tana haɗuwa, amma sai na riƙe numfashi.

To, mene ne haɗin tumbi da kai?

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, watau wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki. Amma ita kaɗai takan cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa sa'ad da mutum ke zaune yana hutawa. Ba ta kuwa da rumbu. Abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take ci yanzu, in jini ya yanke na 'yan mintoci sai ta fara mutuwa. In an tsaga ta akan ga launi biyu. Akwai ɓangare mai ruwan toka, galibi a bayanta kamar ɓawo, nan ne ake tunani da lissafi da yanke shawara. Akwai kuma farin ɓangare a ciki, wanda tarin zaruruwa ne masu kai saƙo daga wannan sashi zuwa wancan. Mu da ke zaune kusa da Kainji ba sai an wahala wajen bayyana mana wannan ba. Ga injin da ke yin wuta, ga garuruwan da ke shan wuta, ga kuma wayoyin da ke tsakaninsu. In waya ta lalace a hanya, ko inji yana ta aiki, gari yana cikin duhu. Can ciki kuma, dama da hagu, akwai wani ɗan sashi lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, masana suna ce da shi hifokamfus. Shi ne mai karɓar sabon abu ya ajiye: sunan baƙon da aka gabatar maka jiya, da inda ka sa makulli, da ayar da aka yi wa'azi a kanta ran Lahadi.

Dā sai mutum ya mutu ake iya ganin ƙwaƙwalwarsa. Yanzu akwai na'ura mai aiki da maganaɗisu, wadda ake kira MRI, tana ɗaukar hoton cikin kan mai rai har a auna girman kowane sashi. A 2016 masanan Jami'ar Kambirij ta Ingila suka ba da labarin abin da suka gani a kan mutum 473 masu shekara 20 zuwa 87. Kowa farin ɓangaren ƙwaƙwalwarsa yana raguwa da tsufa, wannan hanyar kowa ce. Amma daga tsakiyar rayuwa sai suka ga na masu nauyi ya fi saurin raguwa, har na mai ƙiba ɗan shekara 50 ya yi daidai da na siriri ɗan shekara 60. Shekara goma ke nan. A 2019 kuma wani malami mai suna Mark Hamer da abokin aikinsa suka duba hotunan mutum 9,652 a Ingila. Waɗanda ke da ƙiba tare da katon ciki su ne ɓangarensu mai ruwan toka ya fi ƙanƙanta: ma'auni 786, alhali na masu matsakaicin jiki 798 ne. Masu ƙiba waɗanda kitsensu bai taru a ciki ba suka faɗo a tsakani, 793.

Kada mu tsorata fiye da kima. Bambancin 786 da 798 bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi biyu da rabi ba, kuma matsakaici ne na dubban mutane, ba hukunci a kan wane ko wance ba. Su mutanen Kambirij ma, da suka ba mutanen nan jarrabawar sani da fahimta, ba su ga masu ƙiba sun kasa sirara ba. Ina so a ji wannan da kyau, domin kada wani ya karanta takardan nan ya tafi yana yi wa maƙwabcinsa ba'a. Na san masu ƙiba da dama waɗanda kaifin hankalinsu ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Labarin da ya fi kama ni shi ne wanda aka bi mutane shekara da shekaru. A arewacin Kalifoniya ta Amurka an auna mutum 10,276 tsakanin 1964 da 1973, sa'ad da suke da shekara 40 zuwa 45, aka rubuta aka ajiye. Bayan wajen shekara 27 sai wata masaniya, Rachel Whitmer, da abokan aikinta suka koma kan takardun, suka nemi waɗanda cutar mantuwa ta kama, abin da mu muke kira gigin tsufa. An sami 713. Da aka yi lissafi, a rahoton da ya fito a 2005, sai aka ga waɗanda ke da ƙiba sosai a shekarunsu na arba'in haɗarin kamuwarsu ya ɗara na masu matsakaicin jiki da kashi 74 cikin 100, masu ɗan nauyi kuma da kashi 35. A 2008 ta sake dubawa ta fuskar girman ciki kaɗai, ta tarar masu manyan tumbi haɗarinsu ya kusa ninka na masu ƙananan ciki sau uku. Ashe abin da mutum ya shuka a cikinsa yana ɗan arba'in, yana iya girbinsa a kansa yana ɗan saba'in.

Yaya abin ke faruwa? Hanya mafi girma ita ce ta jini. Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa a fadama ya san babbar hanyar ruwa ba ta cika toshewa ba, ƙananan nan masu shiga fangali su ne laka ke cikewa, fangalin ƙarshe kuma shi ke fara bushewa. Ƙwaƙwalwa cike take da jijiyoyin jini sirara, waɗansu sun fi gashi siranta. Ƙiba takan jawo hawan jini, hawan jini kuma yana dukan bangon jijiyoyin nan dare da rana har su yi kauri su ƙuntata. Ƙiba takan jawo ciwon sukari, sukari mai yawa cikin jini shi ma yana cin bangonsu. In babbar jijiya ta toshe ko ta fashe, kowa ya gani, gama ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. In ƙanana ne suke toshewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gani. Sai dai a lura mutum ya rage sauri wajen tunani, lissafin da yakan yi da ka yanzu sai da takarda, ya fara magana ya manta inda ya nufa.

Akwai kuma abin da kitsen kansa ke yi. Dā ana zaton kitse ajiya ce kawai, kamar buhun hatsi a ɗaki. A 1994 wani masani a birnin Niyok, Jeffrey Friedman, ya gano cewa kitse yana fitar da wani sinadari da ke tafiya cikin jini ya gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki ya ƙoshi. Daga baya aka ga kitsen da ke naɗe da hanji da hanta yana fitar da waɗansu abubuwa masu sa kumburi a ɓoye ko'ina cikin jiki, ba zazzaɓi, ba zafi, kamar wutar ƙaiƙayi mai ci ta ƙarƙashi. Shi ya sa kitsen ciki ya fi na cinya da na ɗuwawu haɗari. Sai kuma minshari. Mai kaurin wuya, in ya kwanta, maƙogwaronsa yakan rufe, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, ya zabura ya ja iska da ƙarfi, ya sake komawa, haka har gari ya waye, shi bai ma sani ba. Ƙwaƙwalwa ta kwana tana neman iska. Da safe ga ciwon kai, da hantsi ga gyangyaɗi. Ba kowane dattijo da ke barci lokacin wa'azi ne Shaiɗan ya rinjaya ba. Matan aure, ku ne kuke jin wannan da dare, ku faɗa wa likita.

Na san wani dattijo a wata ekklesiya ta bakin ruwa wajen Ngaski, ba zan ambaci sunansa ba. Masunci ne tun yana yaro, jikinsa kamar icen ƙirya. Allah ya buɗa masa, ya bar su ya koma sayen banda yana aikawa kudu a mota. Daga nan zamansa ya koma kan tabarma a rumfa, yara ke ɗauko kaya, abinci ke zuwa ya same shi, lemon kwalba kuma ba ya yankewa domin baƙi. Cikin 'yan shekaru ya yi tumbi, mutane suna cewa albarka ce ta bayyana. Mutum ne mai kai. Bashin kowane masunci yana cikin kansa, kuma in ka faɗi layin farko na waƙa zai gaya maka lambarta a littafin waƙoƙi. Shi ne ma'ajin ekklesiya shekara da yawa, ba a taɓa samun kobo ya ɓace ba.

Wajen shekara sittin sai aka fara ganin abu. Ya tambaye ka lafiyar gida, ka amsa, kafin ka zauna ya sake tambaya. Ya biya mutum ɗaya sau biyu, ya hana wani hakkinsa yana rantsuwa ya riga ya biya. Wata Lahadi aka tashi sujada ya kama hanyar gida, sai yara suka tsince shi a bakin ruwa yana neman gungun da ruwa ya cinye tun 1968. Ya ɓoye kuɗi ya manta, ya ce matarsa ta sace, matar da suka yi shekara talatin da biyar tare. Dangi suka taru. Waɗansu suka ce abokan kasuwa ne suka jefe shi. Waɗansu suka fara kallon surukarsa, tsohuwa mai magana ita kaɗai, har kalmar maita ta fito a gidan masu bi. An kashe kuɗi a wuraren da bai kamata Kirista ya taka ba. Sa'ad da ɗansa ya kai shi babban asibiti a Sakkwato, likita ya ce hawan jini da sukari ne suka daɗe suna aiki ba a sani ba, sun lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, abin da ya lalace kuma ba ya komowa. Da an auna jininsa yana ɗan arba'in da biyar, da maganar ta zama ta ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ita tsohuwar kuwa, har ta rasu waɗansu jikokinta ba su ƙara cin abinci daga hannunta ba.

Gigin tsufa cuta ce ta jiki, tana da iri-iri. Mafi yawa ita ce wadda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, sa'an nan irin ta jijiyoyin jini wadda ta kama dattijon nan. Kuma ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. Tun daga 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Dokta Hugh Hendrie na Amurka suka shiga gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis, duka masu shekara 65 zuwa sama, da jarrabawa iri ɗaya. A rahotonsu na 1995 an sami cutar a jikin wajen mutum 2 cikin 100 a Ibadan, a Indiyanafolis kuwa wajen 8 cikin 100. Tsofaffin Ibadan sun fi sirantaka, hawan jini da sukari sun fi ƙaranci a cikinsu, abincinsu kuma na gargajiya ne. Sa'ad da na karanta wannan, abin da ya zo mini shi ne, waɗancan tsofaffi sun yi kama da kakanninmu, mu kuwa abincinmu da zamanmu kullum suna ƙara kama da na mutanen Indiyanafolis.

Sai dai a yi hankali da wani abu, kada gyara ya zama ɓarna. Maganar nan ta masu tsakiyar shekaru ce. A Landan an bi ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 tun daga 1985, aka ga ƙiba a shekara 50 tana tafiya da ƙarin haɗari, amma ƙiba a shekara 60 ko 70 ba ta nuna haka ba. Dalili kuwa, cutar takan fara ramar da mutum shekaru kafin a gane ta. A Jos ma, a wani bincike na 2006, tsofaffi ramammu ne aka fi samu da ita. Saboda haka kada wani ya rage wa kaka tuwo ya ce malam ya faɗa a mujalla. Tsohon da ya fara ramewa ba dalili, asibiti za a kai shi. Haka kuma yara. A ajina yaron da ke kasa riƙe karatu, sau da yawa wanda ya zo da ciki wayam ne, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya sha kayarwa. Ƙwaƙwalwar yaro tana bukatar ƙwai da wake da gyaɗa da kifi, wanda muke da shi a bakin ƙofa amma muke sayar da mai kyau mu sayo taliya.

Ƙiba kuma ɗaya ce cikin abubuwa da yawa. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafta abubuwa 14 a 2024, waɗanda in an magance su za a iya hanawa ko jinkirta wajen kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Ƙiba ita kaɗai kashi 1 aka ba ta. Amma 'yan rakiyarta suna nan a jerin: hawan jini, ciwon sukari, yawan kitse cikin jini, da rashin motsa jiki. Akwai taba da giya. Akwai kurumta da rashin gani da ba a yi musu magani ba, da buguwar kai irin ta masu faɗuwa a babur ba hular kwano, da zaman kaɗaici. Rashin ilimi tun ƙuruciya an ba shi kashi 5, abin da ya sa na ƙara ganin girman allon da nake tsayawa gabansa, na kuma ƙara jin zafin iyayen da ke cire 'ya'ya mata daga makaranta.

Littafi Mai Tsarki bai la'anci mai jiki ba. A mafarkin Fir'auna shanu masu ƙiba su ne shekarun ƙoshi. Daniyel da abokansa ma, bayan kwana goma suna cin ganyaye da ruwa, an ga sun fi masu cin abincin sarki kyan jiki. Waɗansu gadon ƙiba suka yi, waɗansu haihuwa ce ta bar musu, waɗansu magani ne, ba kuwa namu ba ne mu shara'anta. Amma Ubangijinmu, cikin Markus 12:30, ya sa hankali cikin abubuwan da za mu ƙaunaci Allah da su, Bulus kuma ya tuna wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikali ne, ba mallakar kansa ba. Ina yawan tunani a kan wannan. Muna addu'a Allah ya ba mu tsawon rai mu ga jikoki. Ina so in gan su, in kuma san sunayensu, in iya ba su labarin Yusufu daga farko har ƙarshe ba tare da na ɓata a hanya ba.

Akwai al'adu biyu a cikinmu da nake roƙo a duba. Ta farko ita ce ƙwayoyin ƙiba da ake ba 'yan mata kafin aure, waɗanda a kasuwa ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametason ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don waɗansu cututtuka na musamman. Wadda ta daɗe tana sha, fuska takan kumbura, kitse ya taru a ciki, jini da sukari su hau, ƙashi ya yi rauni. Kumburi ne ake saye da kuɗi ana ce masa kyau. Uwaye, in ango ba ya son 'yarku yadda Allah ya yi ta, ƙwaya ba za ta gyara auren ba. Ta biyu ita ce yadda muke nuna ƙauna ga bayin Allah. Fasto ya ziyarci gida biyar a yini, kowane gida an ajiye masa lemo da soyayyen nama, in ya ƙi a ce ya raina. Kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau babba ya tsaya a wajen cokali shida a yini duka. Ku lissafa kwalba biyar. Mutumin nan muna bukatar kansa ya yi mana aiki shekara talatin nan gaba.

Abin da ya ƙarfafa ni shi ne ƙwaƙwalwa tana amsa kulawa. A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa a Amurka suka raba tsofaffi 120 kashi biyu. Kashi ɗaya suna tafiya da sauri minti 40, sau uku a mako, ɗaya kashin kuma suna miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara guda aka ɗauki hoto. Ƙahon ragon nan mai ajiyar sabon abu ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin 100 a kan masu tafiya, na sauran kuwa ya ragu da fiye da kashi 1. Tafiya ce kawai, irin wadda kakanninmu ke yi ba su san magani suke sha ba. Daga gidana zuwa makaranta minti ashirin ne a ƙasa. Abin da ke da wuya a ciki shi ne masu tsayawa da babur suna tambaya ko lafiya, malam, ko mai ne ya ƙare.

Sauran abin da ma'aikaciyar jinyar ta faɗa ba baƙo ba ne: a koma ga tuwon dawa da gero da wake, miya ta yi ganye, a rage mai da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, kifi gasasshe ko dafaffe ya fi soyayye, wanda ya kai arba'in kuma ya riƙa auna jini da sukari ko yana jin garau, in an ba shi ƙwayar hawan jini kada ya bari don ya ji sauƙi.

Na kai shawara uku gaban dattawan ekklesiyarmu a zaman da ya wuce. Na ce a sayi na'urar awon jini ɗaya a ajiye a majami'a, 'yar'uwarmu ta riƙa auna manya bayan sujada kowace Lahadin farkon wata, a rataye igiya kusa da ita. Na ce a keɓe wata rana a koyar da jama'a a kan gigin tsufa, domin kada a ƙara kiran wata tsohuwa mayya a cikinmu. Na kuma ce a bikin godiya na bana a yi kunun zaƙi da zoɓo marasa sukari da yawa maimakon lemon kwalba. An amince da ta farko da ta biyu, har wani dattijo ya ce shi zai biya rabin kuɗin na'urar in za a fara da shi. Ta ukun an ɗage ta zuwa zama na gaba, gama ma'aji ya riga ya ba da kafin alƙalami na akwati goma.